Madubin Hangen Nesa a Hannun Maharbi

Gabatarwa

Sa'ad da aka nemi ɗalibai su kawo abin da za a buga a wannan fitowa ta mujallarmu, na daɗe ina jujjuya al'amarin a zuciyata, domin na san malamaina da 'yan'uwana ɗalibai sun fi sabawa da ganin nazarin waƙa ko na nahawu a waɗannan shafuka. Daga baya na tuna cewa farauta tana cikin sana'o'in gargajiya da muke karantawa a darasin al'ada, kuma abin da nake so in faɗa a gabana ya faru, ba a littafi na tsince shi ba. Saboda haka zan yi magana a kan wani ɗan kayan aiki, watau madubin hangen nesa mai ido biyu, da yadda ya shiga burgamin kakana, da abin da Allah Ya hana aukuwa ta dalilinsa wata safiya cikin hunturun 2012.

Ni mutumin Dabawa ne, cikin ƙasar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina. Harbi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ruwayar da muka tashi muna ji ita ce, sunan Dutsin-Ma kansa ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da garin ya kewaye. Yamma da mu kuma akwai dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashen Safana da Batsari da Ɗanmusa, har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. A wannan daji kakannin kakanninmu suka ci abinci.

Maharbi da Idonsa

Kakana, mahaifin mahaifina, maharbi ne, ya kuwa gaji sana'ar daga ubansa. Ya kamata tun da wuri in bambanta tsakanin mafarauci da maharbi, domin mutanen birni sukan haɗa su wuri ɗaya. Farauta ta taron jama'a ce, ana yin ta da rani bayan an kawar da amfanin gona. A buga ganga, samari su fito da karnuka da gora da barandami, a kewaye daji da ihu, duk abin da ya tashi a bi shi. Ƙafa ake bukata a nan da ƙarfin damtse, shi ya sa rigima a kan karen wa ya fara kama zomo ba ta ƙarewa. Maharbi kuwa shi kaɗai yake fita, ko shi da yaronsa, tun kafin assalatu, kuma jarinsa duka ido ne da kunne da haƙuri. Ya duba sawu ya gaya maka gada ce ko batsiya, ya murje kashi da yatsa ya gaya maka na jiya ne ko na ɗazu, ya saki ƙura daga tafin hannunsa ya ga inda iska ta nufa, don kada ta kai wa nama warinsa.

Makaman maharbin ƙasar Hausa duka na kusa ne. Kwari da baka, ko da an shafa wa kibiya dafin kwankwani, ba sa aiki sai an matsa. Bindigar adaka, wadda ake ɗura wa albarushi da guntayen ƙarfe ta baki, ita ma ba ta cin nisa. In abu ya wuce taki 40 sai dai a yi asarar albarushi, kuma harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri. Saboda haka gwanintar maharbi tana cikin sanɗa. A nan ne magabata suka ƙago dabarar burtu. Za a sassaƙa itace kamar wuyan tsuntsun nan burtu, a sa masa bakinsa na ainihi, maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsu mai kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa, har maharbi ya isa inda kibiya za ta kai.

Wannan dabara ce mai ban sha'awa, amma tana da rauni guda, wanda na ji Kaka yana faɗa tun ban san ma'anarsa ba. Mai rarrafe ciyawa kawai yake gani. Daga lokacin da ya kwanta ya fara jan ciki, ba ya ƙara ganin naman sosai sai ya ɗago don harbi, kuma a wannan lokaci ba shi da sararin tunani, domin in ya yi jinkirin ƙiftawar ido nama ya tafi. Watau hukuncin da ya yanke tun daga nesa, cewa wancan abu nama ne, shi ne yake ɗauke da shi har ya ja kunama.

Yadda Madubi ya Zo Gidanmu

A 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka gama ginin madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kudu da Dutsin-Ma. Kaka ya yi gadi a wurin aikin, kuma ranar Lahadi yakan raka wani Bature injiniya yawon daji. Wannan Bature ba ya harbi. Tsuntsaye yake kallo da madubi, yana rubutu a wani ɗan littafi, abin da Kaka ya ɗauka taɓin hankali ne irin na masu ƙoshi. Da aiki ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Kaka madubin. Baƙi ne, mai igiyar fata, an rubuta 8x30 a jikinsa. Kaka ya sa masa suna Jawo-nesa.

Sai da na zo jami'a na fahimci lambobin nan. Ta farko tana nufin yawan kusantarwa: abin da ke taki 80 zai bayyana kamar yana taki 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon hasken da yake tarawa. In aka raba ta biyu da ta farko, sai a sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga ido. A namu bai kai milimita 4 ba, alhali mai 7x50 yana ba da wajen milimita 7, daidai da iyakar buɗewar ƙwayar idon saurayi cikin duhu. Shi ya sa mai 7x50 ya fi amfani da asuba da almuru, lokacin da nama ke fitowa kiwo. Wanda ya wuce kusantarwa 10 kuwa, rawar hannu takan ɓata shi sai an ɗora a kan wani abu.

Asalin wannan ilmi yana da tsawo. Alhasan Ibn Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Kafin shi masana da yawa sun ɗauka ido ne ke aika wani abu waje, kuma ina ganin harshenmu har yau yana ɗauke da wannan tsohon zato, tun da muna cewa a zura ido, a kai ido, ko idona bai kai can ba, kamar dai ido tafiya yake yi. A 1608 wani mai sana'ar tabarau a ƙasar Holan, Hans Lippershey, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar madubin hangen nesa mai ido ɗaya. A 1854 wani mutumin Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sa dunƙulen gilashi mai kusurwa a ciki, wanda ke naɗe hanyar haske don bututun ya gajarta, yana kuma miƙar da hoton da gilashin gaba ya kifar. Kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da irin wannan mai ido biyu a 1894. Daga Basra zuwa Jena zuwa burgamin wani maharbi a Dabawa, tafiyar ta ɗauki kusan shekara dubu.

'Yan'uwansa maharba ba su karɓi abin da daɗi ba. Wasu suka ce wanda ya san daji ba ya bukatar idon Nasara, wasu suka ce ƙarfen zai karya masa layu. Kaka bai yi musu da kowa ba. Ya ci gaba da ɗaura layunsa, ya kuma rataya Jawo-nesa a wuya tare da su.

Safiyar Hunturu

Cikin watan Disamba na 2012 ina da shekara 12, idon Kaka ya fara yin yana, har ya bar riƙe bindiga ya miƙa wa ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa. Amma bai bar shiga daji ba. Muka hau babur mu uku zuwa wani ƙauye na danginmu a ƙasar Safana, muka kwana, muka fita kafin kiran salla na farko. Wannan ita ce fitata ta farko, kuma aikina shi ne riƙon madubi. Tun a hanya Kaka yake tsokanata, irin wasan kaka da jika, yana cewa, “Aboki, yau kai ne idona. In ka yi mini ƙarya na sake ka da kakarka, ka je ka ciyar da ita.”

Gari ya fara wayewa muna kan wani ɗan tudun dutse, ƙasa da mu akwai fadama da ta bushe, da sabara da geza a gefenta. Hazo ya sauka sosai. Can sai Baffa ya taɓa kafaɗar Kaka ya nuna da haɓa. Wajen taki 150 daga inda muke, wani abu ja-ja yana motsi a gindin sabara, kansa a ƙasa.

Kaka ya ce da ni a hankali, “Aboki, mi kake gani?”

Na ɗora madubi a ido, hannuna yana rawa don sanyi da ɗoki. Na ga jan baya mai gashi, na ga yana gaba kaɗan yana tsayawa. Na ce, “Barewa ce, Kaka.”

A nan ne laifina yake, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Ban ga barewa ba. Jan baya na gani. Amma tun daren jiya nake mafarkin in koma Dabawa a ce ranar da aka fita da ni aka kashe barewa, dabbar da aka yi shekaru ba a gani ba a wajenmu. Da na ga ja, sai zuciyata ta cika sauran.

Baffa bai jira komai ba. Ya zame daga kan dutse, ya bi ta inda iska ba za ta tona shi ba, ya kwanta ya fara jan ciki. Kaka kuwa bai bar ni na sauke madubi ba. Ya riƙe gwiwar hannuna don ta daina rawa, ya ce in murɗa ɗan ƙarfen tsakiya har hoton ya fito sarai, sa'an nan ya shiga yi mini tambaya ɗaya bayan ɗaya.

“Ka ga ƙaho?”

Na ce ban gani ba, kan yana cikin ciyawa.

“Ka ga kunne? Barewa ba ta minti guda ba ta ɗaga kai ta juya kunne ba.”

Na ce bai ɗaga ba.

“Wutsiya fa, tana kaɗawa?”

Na ce babu wutsiya.

Na ji hannunsa ya ƙara matse gwiwata. Ya ce, “To, ƙirga mini ƙafafu.”

Na ƙura ido har hawaye ya zubo. A gefen hoton na hango ciyawa tana motsi inda Baffa yake, ya rage saura kamar taki 40. Daidai nan abin ya miƙo wani abu daga ƙarƙashin jan gashin, ya ɗaga reshen sabara. Hannu ne, da yatsu biyar, da ɗan zobe na ƙarfe a wuyan hannu.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. “Baffa, mutum ne! Mutum ne!” Kaka shi ma ya miƙe yana salati da ƙarfi. Abin ya zabura ya tsaya da ƙafa biyu. Yaro ne ɗan Fulani wanda bai girme ni ba, ya yafa buzun jar akuya saboda sanyi, gashin a waje. Maraƙinsu ne ya ɓace tun jiya da yamma, aka tashe shi da asuba ya bi sawu, shi ne yake tafe a duƙe yana duba ƙasa.

Da muka sauko muka tarar da Baffa zaune a ƙasa, bindiga a gefe, ya riga ya ɗaga kunama. Bai iya magana ba. Kaka ya sauke kunamar da kansa, ya tambayi yaron, “Ɗan wane ne kai?” Da ya faɗi sunan ubansa, ashe Kaka ya san shi, sun sha haɗuwa a kasuwar Dutsin-Ma. Muka taya shi bin sawu har muka sami maraƙin a wani kwazazzabo, muka raka shi ruga. Kaka bai ɓoye komai ba, ya gaya wa uban yadda aka yi daga farko har ƙarshe. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce Allah Ya tsare gaba, ya sa aka dama mana fura. Ban iya sha ba.

A hanyar komawa na zaci Kaka zai yi mini faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Aboki, Jawo-nesa ba ya ƙarya, amma ba ya magana. Kai ne bakinsa. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba.”

Da na girma na yi karatun fiƙihu na san abin da ke kan wanda ya yi kisan kuskure: diyya a kan danginsa, da kaffarar azumin wata 2 a jere. Wannan na shari'a ke nan. Amma a 2012 an riga an fara jin labarin satar shanu a gefen Rugu, zukata sun fara ɗaukar zafi tsakanin manoma da makiyaya. Wa zai yarda cewa kuskure ne? Ina tsoron da ƙauyen danginmu da rugar nan duka sun ɗanɗana abin da bakina ya jawo.

Hange, Tsinkaya da Gani

Tun da a sashen Hausa muke, bari in duba abin ta fuskar harshe. Bahaushe bai tara aikin ido a kalma ɗaya ba. Akwai hange, watau ido ya kama abu daga nesa ba tare da ya san ko mene ne ba. Akwai tsinkaya, wadda ta ɗan fi hange, domin mai tsinkaya ya fara gane siffa. Akwai leƙe, na wanda ke ɓoye ko yake duba ta kafa. Akwai kallo, wanda ake yi don sha'awa, da dubawa, wadda ake yi da nufin neman wani abu, da lura, wadda hankali ke shiga cikinta. Sa'an nan akwai gani, wanda shi ne ake ba da shaida da shi gaban alƙali. Da Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, wannan tazara yake nufi.

A safiyar nan abin da na yi hange ne, na kuwa ba da rahotonsa da sunan gani. Tambayoyin Kaka, na ƙaho da kunne da wutsiya da ƙafafu, su ne tsanin da ya ɗora ni a kai daga hange zuwa gani. Shi yana da tambayoyi ba shi da ido, ni ina da ido da madubi ba ni da tambayoyi. Ba don madubin ba, da tambayoyinsa ba su sami amsa ba daga taki 150 cikin hazo; ba don shi ba kuma, da na sauke madubin tun a kalmar farko. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun sa niyya da ambaton sunan Allah cikin sharuɗɗan halaccin abin da aka harba. A fahimtata, mutum ba zai yi niyyar abin da bai tantance ba.

Mace da Namiji

Amfani na biyu na madubi shi ne wanda Kaka ya fi yawan ambata. Yana da doka a kansa cewa ba ya harbin mace mai ciki ko mai shayarwa. Barewa takan yi ciki wajen wata 6 ta haifi ɗa guda, ta ɓoye shi cikin ciyawa ta tafi kiwo, saboda haka wanda ya kashe uwa ya kashe biyu, ko da ɗaya ya ɗauko. Amma kafin a kiyaye wannan doka sai an bambanta mace da namiji daga nesa. A wajen mazo da mariya abin da sauƙi, domin namiji ne kaɗai ke da ƙaho. Gada ma galibi haka take, sai dai ƙahon gajere ne, tsakaninsa kuma akwai tukkun gashi da ke ruɗin ido. Barewa kuwa mace da namiji duk suna da ƙaho, na macen ya fi siriri ne kawai. Da ido tsura, da asuba, wannan bambanci ba ya fitowa sai an matsa, in an matsa kuwa ba sauran lokacin zaɓe. Kaka ya ce tun da ya sami Jawo-nesa, naman da ya bari ya wuce ya fi wanda ya harba.

Hukuma ma ta yi nata ƙoƙari a takarda. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta tsara lasisi da jerin dabbobin da aka kare, da kuma doka ta 11 ta 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. An keɓe dajin Yankari tun 1956. Amma fari na 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, da saran itace, da harbin dare da fitilar goshi, sun haɗu sun share dajinmu. Mai fitilar goshi ƙyallin ido biyu kawai yake gani cikin duhu, kuma idon akuya da na maraƙi da na kare duk suna ƙyalli kamar na gada. Gwanki da kanki, waɗanda Kaka ya ce ya gani garke-garke yana saurayi, ni a hoto na san su.

Yana da kyau in ambaci yadda abin yake a wasu ƙasashe. Dabbar da Turawa ke farauta wadda masu fassara ke kira barewa, ba barewarmu ba ce. Tasu ƙahonta rassa ne da shi, yana faɗuwa kowace shekara ya sake tsirowa, kuma babu irinta a Afirka kudu da Sahara. A Amurka, inda miliyoyin mutane ke fita farautarta, jihohi da yawa sun wajabta wa maharbi sa riga mai ruwan lemo mai haske, domin idon mutum yana kama wannan launi daga nesa, idon dabbar kuwa ba ya bambanta shi sosai. Ana kuma koya musu kada su yi amfani da madubin da ke kan bindiga wajen duba abin da ba su tantance ba, saboda duk abin da ka duba da shi ka riga ka auna shi da bakin bindiga. Sai a duba da na wuya tukuna. Wannan shi ne tsarin da Kaka ya kai gare shi da kansa: mai dubawa daban, mai harbi daban.

Abin da Za a Iya Cewa

Na san akwai mai cewa madubi zai ƙara wa maharbi ƙarfi ne a kan ɗan naman da ya rage. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, domin marar tsoron Allah in ya sami madubi zai ƙara ɓarna. Sai dai abin da ya ƙarar da namunmu ya ƙarar da su ba tare da madubi ba. Wuta da tarko da fitila ba sa zaɓe, madubi kuwa aƙalla yana ba da damar zaɓe. Akwai kuma mai cewa kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Haka ne, amma ƙungiyar maharba da ke iya haɗa kuɗin ganga da na walima tana iya mallakar guda ɗaya a hannun Sarkin Baka.

Magana mafi nauyi ita ce ta halin da ƙasarmu ta shiga. Cikin shekarun da suka biyo bayan wannan fita tamu, dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga. An yi sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai ɗore ba. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Cikin irin wannan hali, wanda aka gani a bayan gari yana duba daji da madubi, kafin ya buɗe baki an ce ɗan leƙen asiri ne. Maharba da yawa kuma sun bar bin sawun gada sun shiga sintiri. A ganina wannan ya ƙara wa darasin Kaka nauyi, domin wanda ke tsaron gari da dare abin da ke gabansa mutum ne ko yaya, tambayar kawai ita ce wane mutum. Ina jin da yawa daga cikin gabar da ta ƙi ƙarewa a yankinmu ta faro ne daga wanda ya hango ya ce ya gani: ya hango hula da sanda, zuciyarsa ta cika sauran, kamar yadda tawa ta yi.

Kammalawa

Kaka ya rasu a 2019, Allah Ya jiƙansa. Baffa bai sake ɗaukar bindiga ba tun daga waccan safiya, noma yake yi da kiwon tumaki. Jawo-nesa yana hannuna, gilashin hagu ya fara yin hazo daga ciki, igiyar fatar kuma an sake ta sau biyu. Ina fita da shi neman jinjirin watan azumi, in kuma na je gida hali ya yi, nakan duba tsuntsayen ruwa da shi, irin aikin nan da Kaka ya ɗauka taɓin hankali ne.

Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai guda biyu ne. Na farko, masu neman batun kundin digiri su tuna da tsofaffin maharba. Sunayen namun daji, da kalmomin sawu da na iska da na sanɗa, da yadda ake haɗa burtu, suna bakin mutanen da yawancinsu sun haura shekara 70, kuma dajin da zai koya wa na baya ya rufe. Na biyu ya shafi aikinmu na nazari. Sau da yawa ɗalibi yakan shiga bincike da barewarsa a zuci, ya ga jan baya a baiti ɗaya ko a bakin mai ba da bayani ɗaya, ya rubuta cewa ya gano. Ni kaina na kama kaina ina haka fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin da malami ya mayar mini da takarda ya rubuta “ina hujja?” a gefe, muryar Kaka nake ji yana cewa in ƙirga ƙafafu. Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da muka gani, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.